Bayluscide a kududdufi: yana kashe dodon koɗi, amma feshi ɗaya bai isa ba

Garin Bayluscide, mai sinadarin niclosamide kashi 70 cikin 100, maganin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne, kuma yana aiki. A ruwa mai tsayuwa ana neman giram 1 na sinadarin a kowace lita 1,000, wato kusan giram 1.4 na garin. A fara auna yawan ruwan, a dama garin a bokiti, a fesa gefen da ciyawa da bado suka yi yawa. Har ƙwai yana kashewa.

Matsalar tana ga dodon. Jinsin Bulinus, wato dodon koɗin da ke yaɗa tsargiyar, mata-maza ne: in ya samu abokin barbara ya yi, in bai samu ba ya yi wa kansa, musamman Bulinus truncatus. Guda ɗaya da ya nutse a laka ya tsira zai sake cika kududdufin cikin 'yan watanni. Don haka dole a maimaita feshin, a kuma ba mutane ƙwayar praziquantel, wato maganin tsargiya.

Babban aibin Bayluscide, yana kashe kifi da kwaɗi, ga tsada. Kada a zuba shi inda masunta ke cin abinci. A taƙaita feshin ga mashaya da wurin wanka da wanki.