VLOOKUP, INDEX da MATCH, ko XLOOKUP: Wanne Ya Dace da Lissafin Kuɗin Aika Kaya?

Duk mai sayar da kaya yana aika wa masu saye ta hannun kamfanin jigila ya san wannan aiki: a ɗora ƙunshi a sikeli, a ɗauko takardar farashin kamfanin, a bi layi da yatsa har a gano kuɗin da ya dace da nauyin. Idan ƙunshi 5 ne a yini, ba wata damuwa. Amma da zarar sun kai 50 ido zai gaji, kuma duk kuskuren da aka yi daga aljihunka zai fita. Shi ya sa ake komawa ga manhajojin lissafi irin su Excel, Google Sheets da LibreOffice Calc, a rubuta fomula guda, ita ta riƙa duba jadawalin.

Fomulolin da za su iya wannan aiki suna da dama, kuma kowacce da masu yabonta. A ganina, kafin ka saurari yabon kowa, ka fara amsa tambaya biyu. Ta farko: yaya aka rubuta jadawalin kamfanin da kake hulɗa da shi, “har zuwa kilo kaza” yake cewa ko “daga kilo kaza”? Ta biyu: wa da wa za su riƙa buɗe fayil ɗin, kuma da wace manhaja? Amsar waɗannan biyun ita ce za ta yi maka zaɓin.

Mu ɗauki jadawalin misali, wanda alƙalumansa na ƙirƙira ne kawai don bayani. Har zuwa kilo 0.5, kuɗin aike 400. Har zuwa kilo 1, 650. Har zuwa kilo 2, 900. Har zuwa kilo 5, 1,600. Har zuwa kilo 10, 2,800. A sa nauyin a layin tsaye na A, daga A2 zuwa A6, kuɗin kuma a B. Nauyin ƙunshin da ake son sanin kuɗinsa yana gurbin G2.

Wanda bai saba ba yakan fara da IF, ya yi ta cusa wata cikin wata: idan nauyi bai wuce kaza ba kuɗi kaza, in ya wuce a duba na gaba. Tana aiki, kuma Excel tun daga na 2007 ya yarda a jera har 64 a cikin juna. Illarta ita ce farashin yana binne a cikin fomular kanta. Ranar da kamfani ya canza kuɗi sai ka koma kana tono lambobi a tsakanin baka da waƙafi. Ba na ba kowa shawarar wannan hanya idan matakan nauyi sun wuce 3.

VLOOKUP ita ce wadda kowa ya fi sani, kuma tana nan a kowace manhaja, tsohuwa da sabuwa. Ga yadda ake rubuta ta:

=VLOOKUP(G2,$A$2:$B$6,2,TRUE)

Kalmar ƙarshen nan ita ce ke cewa a nemo mafi kusa, tunda da wuya nauyin ƙunshi ya zo daidai da abin da ke jadawali. To amma “mafi kusa” a wajen VLOOKUP yana da ma'ana guda tak: lamba mafi girma wadda ba ta wuce abin da kake nema ba. Ƙasa take dubawa kullum. Ka sa ƙunshi mai kilo 1.3 a G2. Kamfani zai caje ka 900, domin kayan sun wuce kilo 1, sun shiga matakin “har zuwa kilo 2”. VLOOKUP kuwa za ta sauka ta tsaya a kan 1, ta ba ka 650. Babu jan rubutu, babu alamar gargaɗi, lamba ce kawai mai kama da gaskiya. Ka yi asarar 250 a ƙunshi guda, kuma haka za ta yi ta yi maka a kusan kowane ƙunshi har sai takardar biyan kuɗi ta zo daga kamfani ka ga lissafi bai haɗu ba. Wannan ne abin da ya fi damuna game da ita, domin kuskuren da yake yin shiru ya fi wanda yake ihu cutarwa.

Gyaransa shi ne ka sake rubuta layin A da farkon kowane mataki maimakon ƙarshensa. Kuma a nan ma akwai inda ake zamewa. Idan ka rubuta 0, 0.5, 1, 2, 5, to ƙunshi mai kilo 1 cif zai faɗa matakin 900, alhali “har zuwa kilo 1” ya haɗa da shi, kuɗinsa 650 ne. Yanzu kuma abokin cinikinka ne aka cuta. Abin da ya fi tsafta shi ne a koma giram gaba ɗaya: 0, 501, 1001, 2001, 5001, a riƙa shigar da nauyi da giram. Sannan ka ƙara layi na ƙarshe, 10001, ka rubuta “ya wuce iyaka” a gabansa, ka faɗaɗa fomular ta haɗa da shi. In ba ka yi haka ba, kaya mai kilo 40 ma kuɗin kilo 10 za ta ɗora masa.

Sharuɗɗa biyu kuma suna biye da ita. Dole layin nauyi ya kasance a jere daga ƙarami zuwa babba, in ya hargitse amsar ma ta hargitse ba tare da an sanar da kai ba. Lambar 2 ɗin nan da ke cikin fomula kuma ƙidayar layi ce daga hagu. Idan wani ya cusa sabon layin tsaye tsakanin A da B, lambar ba ta canzawa, sai fomula ta koma ɗauko abin da ke sabon layin. Duk da haka, ga mai jadawali ɗaya, shiyya ɗaya, wanda ya yarda ya zauna ya juya matakan sau ɗaya da kyau, VLOOKUP ta wadatar. Akwai ƙanwarta mai suna LOOKUP, ita ma ƙasa take dubawa kuma tana son jeri, don haka babu wani abin da za ta ƙara maka a nan.

Haɗin INDEX da MATCH ya fi tsawo a rubuce, amma ya fi juriya. MATCH tana gano matsayin layi, INDEX kuma ta ɗauko abin da ke wurin. Amfaninsa yana fitowa fili ne idan kuɗin aike ya danganta da nauyi da kuma nisa, wanda haka yawancin jadawalin kamfanoni yake: nauyi a gefen hagu, shiyyoyi a sama. A ce sunayen shiyyoyi suna B1 zuwa D1, shiyyar mai saye kuma tana H2:

=INDEX($B$2:$D$6,MATCH(G2,$A$2:$A$6,1),MATCH(H2,$B$1:$D$1,0))

MATCH ta farko mai 1 a ƙarshe halinta ɗaya da VLOOKUP, ƙasa take dubawa, don haka tana buƙatar jadawalin farkon mataki. Ta biyu mai 0 tana neman sunan shiyya daidai wa daida. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne MATCH tana karɓar -1. Da ita, sai ta nemo lamba mafi ƙanƙanta wadda ta kai ko ta wuce nauyinka, wato ainihin ma'anar “har zuwa”. Sharaɗinta kawai ka kifa jadawalin, babban nauyi a sama, ƙarami a ƙasa: 10, 5, 2, 1, 0.5. Kilo 1.3 zai ba ka 900, kilo 1 cif ya ba ka 650, kilo 40 kuma ya fito da #N/A, wato saƙon cewa ba a samu ba, wanda a nan alheri ne, tunda ya tsayar da kai ka duba. Ga duk wanda yake aiki da tsohon Excel, wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita.

Sai XLOOKUP, wadda Microsoft ya sanar da ita a watan Agusta na 2019. Kamar don wannan matsala aka yi ta:

=XLOOKUP(G2,$A$2:$A$6,$B$2:$B$6,"Ya wuce iyaka",1)

Lambar 1 ta ƙarshe tana nufin a ba da daidai, in babu a hau zuwa na sama. Ka kwafi jadawalin kamfani yadda yake, ba juyi ba kifawa, ba ma dole sai yana jere ba. Saƙon da ke tsakiya shi ne zai bayyana idan nauyi ya zarce jadawali. Idan kamfaninka “daga kilo kaza” yake rubutawa, sai ka mai da 1 ta zama -1. Ka kula da abu guda: in ka bar wurin babu komai, XLOOKUP daidai wa daida take nema, akasin VLOOKUP, sai ka ga kusan kowane ƙunshi yana cewa ya wuce iyaka. Tana iya aikin shiyya ma, a sa wata XLOOKUP a cikin wata.

Inda take da tsada shi ne wajen manhaja. Tana cikin Microsoft 365 da ake biya wata-wata ko shekara-shekara, da Excel 2021 da 2024 da ake saye sau ɗaya, da Excel na intanet. Babu ita a Excel 2016 da 2019. Idan ka tura fayil ga mai ɗayan waɗannan, zai ga _xlfn a gaban sunan fomular, kuma da zarar lissafi ya sake gudana sai alamar kuskure ta #NAME? ta cika gurbin. Google Sheets ya samu XLOOKUP a 2022, LibreOffice Calc kuma a fitowar 24.8 ta shekarar 2024, dukansu kuma kyauta ne. Saboda haka ban ga dalilin da mutum zai sayi sabon Excel don wannan fomula kaɗai ba. Idan mutane da yawa ne ke shigar da oda daga wurare daban-daban, Google Sheets ya fi sauƙi, tunda jadawali ɗaya kowa yake gani. Idan aikinka a kan kwamfuta ɗaya yake kuma ba ka son dogaro da intanet, LibreOffice Calc zai yi.

Akwai abin da babu fomular dubawa da za ta gyara maka, wato nauyin da ka ba ta. Kamfanonin jigila, musamman na jirgin sama, suna kwatanta nauyin sikeli da nauyin girman kwali, su caji wanda ya fi yawa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a raba da wata lamba. DHL Express da 5000 yake rabawa, a jigilar kaya ta jirgin sama kuma an saba da 6000. Kwali mai 40 da 30 da 20 ya ba da 24,000, a raba da 5000 ya zama kilo 4.8. Ƙunshinmu mai kilo 1.3, in a wannan kwalin yake, ya tashi daga 900 ya koma 1,600. Don haka ka ware gurbi guda da zai ɗauki mafi girma tsakanin biyun da MAX, shi za ka miƙa wa fomular dubawa. Lambar rabawar ma ka ajiye ta a gurbinta daban, ka ɗauko ta daga takardar kamfaninka, domin ba duka suke amfani da iri ɗaya ba. Idan kuma kamfanin yana cika nauyi zuwa rabin kilo na gaba, CEILING da 0.5 za ta yi maka wannan.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna ɓata lissafi. Kada a rubuta “2kg” a gurbin nauyi, manhaja za ta ɗauke shi rubutu, lamba zalla ake so. Alamar $ da ke cikin fomulolin nan ita ke riƙe jadawali wuri ɗaya idan ka ja fomula ƙasa, in ka cire ta layukan ƙasa za su riƙa duba wurin da babu komai. A wasu kwamfutocin kuma, gwargwadon saitin ƙasa, da alamar ; ake raba sassan fomula maimakon waƙafi.

Idan duk masu taɓa fayil ɗin suna da manhajar da ta san XLOOKUP, ita zan zaɓa, saboda jadawalin da ke kwamfuta zai zama kwafin na kamfani sak, ranar canjin farashi kuma kwafa kawai za a yi. Idan akwai ko da mutum ɗaya mai tsohon Excel, a tafi ga INDEX da MATCH mai -1. Kowacce ka ɗauka, kafin ka fara faɗa wa masu saye kuɗi da ita, gwada ta da nauyin da ke bakin iyaka: kilo 1 cif, kilo 1.001, kilo 0.2, da kilo 10.5, ka kwatanta kowace amsa da takardar kamfanin da idonka.