Tikitin fam 20 da abin da ke biyo bayansa: wasiƙa daga Manchester

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara da duk mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai dai sanyi da ya fara kama jiki.

Ka tambaye ni ko da gaske ne abin da yara ke yaɗawa a WhatsApp, wai a Turai mutum na hawa jirgin sama daga wata ƙasa zuwa wata da kuɗin da bai kai na Kano zuwa Abuja ba. Da gaske ne. In ka duba a watan Fabrairu, ranar Talata ko Laraba, za ka samu tikiti daga nan zuwa Sifaniya ko Italiya a kan fam 20 ko 25. Jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Landan, tafiyar awa 2 da 'yan mintuna, in ka saye shi da safen ranar tafiya, sai ya ninka wannan kuɗin sau da yawa. Kamfanonin da ke wannan araha manyansu uku ne: Ryanair na ƙasar Ireland, da easyJet da aka kafa a 1995 a filin jirgin Luton, da Wizz Air na Hangari.

Ba sadaka suke yi ba. A 1997 ne Tarayyar Turai ta gama buɗe sararin samaniyarta, ya zamana kamfanin kowace ƙasa a cikinta yana da damar ɗaukar fasinja tsakanin kowane gari da wani, kuma shi zai yanka farashinsa. Michael O'Leary, mutumin da ke riƙe da Ryanair tun 1994, ya kwaikwayo tsarin kamfanin Southwest na Amurka. Jirgi iri ɗaya Ryanair ke saya, Boeing 737, don haka makanike ɗaya da kayan gyara ɗaya sun wadatar. Kujeru 189 ake cusawa a ciki, babu sashen manya. Jirgi na sauka, cikin minti 25 an sauke mutane an ɗebi wasu ya tashi. Ma'aikatan da suka yi maka sannu da zuwa su ne masu kwashe shara, su ne kuma masu tallar shayi da turare a sama.

Amma inda maganar take, Yaya, shi ne abin da fam 20 ɗin ke saya maka. Ka ɗauka mai tuwo ce ta ce malmala naira 50, kana zama ta ce miya daban, nama daban, ruwan wanke hannu daban, benci ma in kana son zama kusa da ɗanka sai ka ƙara wani abu. Tikitin kujera ce kawai, da 'yar jaka guda da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka. A easyJet girmanta santimita 45 da 36 da 20, ta Ryanair ba ta ma kai haka ba. A bakin ƙofar shiga jirgi akwai wani akwatin ƙarfe na awo. Jaka ta shiga, ka wuce. Ta ƙi shiga, ko da taya ce ta leƙo, ka biya tarar da ta fi kuɗin tikitin. Na ga dattijo ya tsuguna a ƙasa yana zaro riguna yana sa ɗaya a kan ɗaya don jakarsa ta rame. A nan babu “don Allah a yi haƙuri”, babu “ni ɗan gidan wane ne”. Yarinyar da ke tsaye a wurin ba ta da ikon yafewa ko da ta so.

Akwai kuma tarkon rajistar shiga jirgi. Dole ka yi ta a waya kafin ka bar gida. Wanda ya bari sai ya zo kanta, Ryanair na cajinsa fam 55, shi kaɗai, ban da iyalinsa. Ruwan sha a cikin jirgi na sayarwa ne. Mu dai gora muke ɗauka babu komai a ciki, in an gama bincike mu cika a famfo, maman yara kuma ta naɗo mana abinci daga gida. Sai dai abin da ke da nama ko madara a cinye shi tun a sama, domin tun 2021 an hana shiga da su Tarayyar Turai daga Birtaniya.

Sunan gari ma abin lura ne. Za ka ga an rubuta Paris, alhali filin jirgin Beauvais ne, wajen kilomita 85 daga birnin. Frankfurt-Hahn kusan kilomita 120 yake da Frankfurt. Charleroi ake kai mai zuwa Brussels, Bergamo mai zuwa Milan. Ƙananan filaye ne masu sauƙin haraji, shi ya sa kamfanonin ke son su. Kuɗin bas daga can zuwa cikin gari wani lokaci kunnen doki yake yi da kuɗin jirgin. Tikitin da ya fi araha kuwa yawanci na ƙarfe 6 na safe ne, lokacin da motocin haya ba su fara fitowa ba, sai tasi.

To, wa wannan araha take yi wa rana? Saurayi ko budurwa mai jakar goyo guda, mai fasfon Turai, wanda lokacinsa nasa ne. Shi kam ya more. Maƙwabcina Bature yakan yanke shawara ranar Laraba, Juma'a da yamma yana Lisbon, Litinin yana ofis. Mu kuwa ba haka Allah ya yi mu ba. Bahaushe bai iya tafiya hannu rabbana ba, bai kuma iya dawowa babu tsaraba ba. Ga koren fasfo. Takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa ko Jamus, sai ka nemi bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, da inshora, da jiran ranar ganawa da kan ɗauki makonni. Kafin ka taka jirgin fam 20 ka kashe sama da fam 100. Shi ya sa nake gaya wa sababbin zuwa su roƙi biza mai shiga da fita da yawa, su tara tafiye-tafiyensu a cikin wa'adinta.

Mai yara kuma nasa ya fi. Farashin nan ba tsayayye ba ne, na'ura ce ke ɗaga shi gwargwadon masu nema. Ana rufe makarantu a ƙarshen Yuli, kujerar fam 25 sai ta koma 150 ko fiye. Ka ce za ka cire yara ana tsakiyar karatu don ka samu sauƙi? A Ingila tara ce, fam 80 a kan kowane yaro, uwa ta biya uba ya biya, in aka wuce kwana 21 ta koma 160. Dabarar da ta rage ita ce saye da wuri, wata 3 ko 4 kafin hutu, a haɗa kayan kowa a akwati ɗaya mai kilo 20 a biya masa tun wurin sayen tikiti, sannan a zauna da biro a tara komai, har kuɗin bas, a gwada da farashin manyan kamfanoni. Ba sau ɗaya ba lissafi ya nuna min babban kamfani ya fi sauƙi ga mai iyali.

Abin da ya fi burge ni a nan ba arahar ba ce, doka ce. In jirgi ya isa da lattin awa 3 ko fiye, kuma laifin kamfani ne ba na yanayi ba, akwai diyya: fam 220 a gajeriyar tafiya, 350 a matsakaiciya, 520 a doguwa. Wanda ya sayi tikitin fam 20 ma 220 ɗin zai karɓa. Sukan yi jan ƙafa, amma in ka nace suna biya. Ka tuna zaman da akan yi a filin jirgi a gida, daga hantsi har isha'i, ba hazo ba komai, a ƙarshe a ce sai gobe. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ma tana da irin wannan ƙa'ida a rubuce, sai dai fasinja nawa ne ya san da ita, balle ya bi kadinta?

Duk da haka kada ka raina na gida. Tikitin Kano zuwa Legas da akwatinka a ciki, a ba ka ruwa da ɗan abin taɓawa, ga mutum a kanta da za ka yi wa magana ya saurare ka. Tsadarsa kuma da dalili. Man jirgi da kayan gyara da hayar jirgin da inshora duk lissafin dala ne, kuɗin shiga kuwa naira. Ka tuna yadda aka yi ta kuka a Fabrairun 2022 da kamfanoni suka mai da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000. Yau wa zai ba ka a haka? Filayenmu da yawa ba su da fitilun sauka, rana na faɗuwa an rufe, jirgi ya kwana ba ya kawo ko kwabo, alhali na nan tun asuba yake shawagi har tsakar dare. Tsakanin ƙasashenmu kuwa abin ya fi muni. Tun 1999 aka cim ma matsayar Yamoussoukro ta buɗe sararin Afirka, a 2018 Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya, amma har yanzu mai son zuwa Yamai daga Kano ya gwammace mota ta Maraɗi, don jirgi sai ya zagaya da shi ta bakin teku.

Wani abin da zai yi wa Hajiya daɗin ji: a 2025 Wizz Air ya fara tashi daga filin jirgin Gatwick na Landan kai tsaye zuwa Jidda. Mutanenmu na nan sun fara zuwa Umara da shi. Zama ne na sama da awa 6 a kujerar da ba ta kwantawa, babu abinci sai na kuɗi, kuma dabino da jallabiyoyin tsaraba sai an saya musu wuri. Matashi zai jure. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ban ba da shawara ba.

Zuwa gida kuwa, babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zuwa Najeriya, kuma ko da suna zuwa ban ga yadda za mu yi da 'yar jakar ƙarƙashin kujera ba. Manyan kamfanoni ne dai, masu ba da akwati 2 na kilo 23. Na duba farashin Disamba na mu duka, abin ya fi ƙarfina, don haka mun karkata ga hutun Afrilu in Allah ya kai mu. Ka turo min lambar takalman yara tun yanzu, ana yin rangwame bayan Kirsimeti. A gaishe min da Hajiya da kyau, a ce mata maganin gwiwar yana hannun wanda zai taho makon jibi.

Naka, ƙaninka.