Tsiron sha'ir a Jamus, tsiron dawa a Sakkwato

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Inna da yara suna lafiya. Ka ce in riƙa ba ka labarin sana'o'in nan, to ga ɗaya da ta tsaya mini a rai.

Aikin gyaran injin sanyi ya kai ni wata sabuwar ƙaramar masana'anta a wani gari kusa da Bamberg, cikin jihar Bavariya. Giya suke yi, kuma ka san ba na sha. Amma suna yin lemon malt irin Maltina, shi ya sa na tsaya na kalli aikin.

Farkonsa duk aikin da Inna ke yi ne idan za ta dama kunun zaƙi. Ana jiƙa sha'ir, a bar shi ya tsira, a busar, a ɓarza. Sai a zuba shi cikin ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka, a bar shi kamar awa guda, tsiron da kansa ya juya garin ya koma zaƙi. Na ɗanɗani ruwan a wannan mataki, kafin a sa masa komai: ɗumi, kauri, zaƙi har maƙogwaro. Daga nan ne hanya ke rabuwa. Na giya a tafasa shi da furen hops, wani tsiro mai ba giya ɗaci, a sa yis ya yi aiki; na lemo kuwa ba a barin ya tashi, a ɗura a kwalba a dafa ta da zafi don kada ya lalace. A 1516 Bavariya ta kafa dokar da ta ƙayyade kayan haɗin giya: ruwa, sha'ir da hops. In ka taɓa zuwa, ka lura: abin da suka rubuta wa "babu barasa" yana iya ɗaukar har 0.5 cikin ɗari, sai ka nemi mai 0.0.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanki. Rabin aikinsu wanke tukwanen ƙarfe da bututu ne. Dusar da ta rage manomi ke zuwa ya kwashe wa shanunsa. Kwalba kuma kana ajiye santi 8 na Yuro a kanta, ka mayar a ba ka kuɗinka, a wanke a sake cikawa.

Mu fa muna da dawa. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, da dawarmu manyan kamfanonin Najeriya suka ci gaba da aiki. Amma mai kunu a Tsohuwar Kasuwa, in ta dama da safe cikin zafin Afrilu, kafin la'asar ya fara tsami, kuma a tsohuwar robar ruwa take sayarwa. Iyawa ba ta gaza ba, wuta da sanyi da kwalba mai tsabta ne babu.

Don Allah ka tambayar mini kuɗin buhun dawa yanzu, da na firiza mai aiki da sola. Ina so mu fara gwadawa da kunun Inna.