Bita: hurstexp na pracma yana fitar da H, amma ba ya yanke hukunci

Duk mai son sanin ko shekarun fari da na ambaliya suna zuwa ne jere da juna a kogi, da wuya bai fara da hurstexp ba, wani umarni da ke cikin kunshin pracma na manhajar lissafi ta R. Kyauta ne, kuma layi ɗaya ya isa. Yana bin hanyar R/S (raba tazarar hawa da sauka da ma'aunin bazuwar bayanai) da Harold Edwin Hurst ya fito da ita a 1951 yayin nazarin girman madatsun ruwa a Kogin Nilu. Lambar da yake fitarwa ita ce H, ma'aunin ɗorewa: H na 0.5 na nufin tasirin shekarun baya a kan bana ba ya daɗewa. Idan ya haura haka, tasirin yana daɗewa.

Abin yabo shi ne ba lamba ɗaya yake bayarwa ba, biyar ne: Hs, Hrs, He, Hal da Ht. A riƙa duba Hal, domin shi aka yi wa gyaran Anis da Lloyd, mai rage kumburin gajeren jeri, a kuma sa ido kan Ht, wato abin da hanyar za ta bayar ko da babu wata ɗorewa. Ht kan ɗara 0.5, wanda ke nuna R/S da kanta tana kumbura sakamako a gajeren jeri.

Inda ya gaza kuwa babba ne: babu ƙimar p (mai nuna ko sakamakon na iya zama dace kawai), babu iyakar kuskure. Mutum ya ga 0.68 sai ya rubuta cewa ya gano doguwar ɗorewa, alhali dangantakar bara da bana kaɗai, irin ta AR(1), na iya haifar da wannan lamba. Haka ma gina madatsa, ko sauya wurin ma'aunin ruwa, ko hawa da saukar damina da rani a bayanan wata-wata idan ba a cire su ba. Cike dogon giɓi da miƙaƙƙen layi shi ma yana ƙara H na ƙarya.

Sai batun d, tsawon mafi ƙanƙantar yanki da ake yanka jerin bayanai zuwa gare shi, wanda aka saita a 50. Ga bayanan shekara 60 wannan bai yiwuwa, dole a rage shi, kuma ƙananan yankuna su ne suka fi karkata sakamako.

Mafita ita ce a gina gwajin da hannu. A cire tasirin damina da rani, a ƙiyasta AR(1), a samar da jeri 1,000 masu tsawo ɗaya da na kogin ta amfani da umarnin arima.sim na R, a lissafa Hal na kowanne da d iri ɗaya. In Hal na kogin bai wuce kashi 95 cikin 100 na waɗannan ba, babu hujja tukuna. Daga nan a gwada WhittleEst na kunshin longmemo, wanda ke ba da H tare da kuskurensa. A kunshin akwai NileMin, ma'aunin mafi ƙarancin tsayin ruwan Nilu a kowace shekara, na shekara 663, daga tsibirin Roda a Alƙahira, inda H ke fitowa kusan 0.84. A fara gwada hanya a kansa kafin a taɓa gajerun bayanan kogin da ake nazari.