Shekara Guda da Manhajar Gwajin Ɗalibai: Abin da Ta Iya da Inda Ta Gaza

Shekarar karatu guda cur na yi ina aiki da wata manhajar gwajin ɗalibai da hukumar makarantarmu ta ɗauko, ina koyar da lissafi a aji biyar na firamare. Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Bayan kowane mako biyu yara suna zama gaban kwamfuta na kusan minti ashirin, su amsa tambayoyi masu zaɓi huɗu, kuma kafin su koma kujerunsu sakamakon ya riga ya iso shafin malami, sunan kowane yaro da launinsa a gefe: kore ga wanda ya kai matakin ajinsa, rawaya ga mai tangal-tangal, ja ga wanda aka bari a baya.

Gwajin irin wanda yake bin sawun ɗalibi ne. Idan yaro ya ci tambaya sai ta gaba ta ƙara tsauri, idan ya faɗi sai ta sassauta, har manhajar ta kai ga matakin da yake cin kusan rabin abin da aka ba shi, a nan take tsayar da makinsa. Dabara ce mai kyau, domin da tambayoyi kaɗan take gano abin da jarrabawar takarda za ta ci shafuka kafin ta gano. Sai dai babu wanda ya faɗa wa yaran haka, shi ya sa a makonnin farko haziƙan ajin ne suka fi fitowa rai a ɓace, suna cewa sun faɗi, alhali tsarin ne yake kai kowa bakin iyawarsa da gangan.

Inda manhajar ta burge ni ƙwarai shi ne yadda aka tsara amsoshin da ba daidai ba. A wata tambaya an ce a ɗebe 38 daga 52, kuma cikin zaɓin akwai 26. Duk yaron da ya zaɓi 26 ya tona asirin yadda yake tunani: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba daga babba, biyu daga takwas, uku daga biyar, ba tare da ya yi aro daga gidan gomomi ba. Manhajar ta tattaro mini sunayen yara bakwai masu wannan kuskure iri ɗaya, waɗanda a dā nake ɗauka gaggawa ce kawai take sa su faɗi. Na zaunar da su kwana uku da tsinkayen da aka ɗaure goma-goma, suna kwance ɗauri ɗaya idan ɗaiɗaikun ba su isa a ɗebe ba, har suka ga da idonsu inda 14 take fitowa. Da littattafan aikinsu kaɗai na dogara, ina jin sai ƙarshen zango zan lura da wannan, kuma ko don shi kaɗai ba zan ce kuɗin da aka kashe ya tafi a banza ba.

Matsalar ta fara ne daga launukan nan. Maki ƙiyasi ne, kuma kowane ƙiyasi yana da gefen kuskure, amma shafin malami ba ya nuna wannan ko kaɗan. Lamba ɗaya yake ba ka, tsaf, kamar tsawon yaro aka auna da awo. Tambaya mai zaɓi huɗu ana iya cin ɗaya cikin huɗu nata da canki-canka kawai, ga gajiya, ga rashin barci, ga yaron da hankalinsa yake waje. Na ga yara da dama da suke bakin iyaka suna sauya launi daga rawaya zuwa kore su sake dawowa, ba don sun koyi wani abu ko sun manta ba. Akwai kuma wata yarinya da ta shafe zango guda tana ja a lissafi. Da na zauna kusa da ita ina karanta mata tambayoyin da baki, sai ta riƙa ba da amsa kafin in rufe baki. Ashe karatun jimlolin ne yake cinye mata lokaci, manhajar kuwa ta rubuta raunin karatu a matsayin raunin lissafi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kan wannan yarinya idon malami ya fi mudun na'ura faɗin gaskiya.

A zango na biyu hukumar makaranta ta buɗe wani sashe na manhajar da yake jera malamai bisa yawan koren ajinsu, kuma daga ranar yanayin ɗakin malamai ya sauya. Wasu suka rage lokacin zane da auna siffofi da hannu, tunda manhajar ba ta tambayarsu, suka koma horar da yara yadda ake tsame amsa daga zaɓi huɗu. Ni ma ban tsira ba, domin na kama kaina ina ba 'yan rawaya kulawa fiye da 'yan ja, saboda su ne ƙaramin ƙoƙari zai mayar kore. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Donald Campbell ya yi gargaɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka jingina manyan hukunce-hukunce a kansa, matsin lamba zai gurɓata shi, ya kuma gurɓata aikin da aka ce ya auna. Amurka ta ga haka a aikace bayan dokar ilimin da aka sa wa hannu a 2002, wadda ta wajabta gwajin karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, ta kuma rataya makomar makarantu a kan sakamakon. A birnin Atlanta abin ya kai ga goge amsoshin ɗalibai ana gyarawa, har kotu ta samu malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015. Laifin kamfanin da ya ƙera manhajar a nan shi ne ya sa jerin malaman nan a sahun gaba na abin da yake tallatawa, ba tare da ko layi ɗaya na jan kunne ba.

Sashen da yake hasashen makin da yaro zai samu a ƙarshen shekara shi ne na fi ƙi. Yana gina hasashen a kan yadda yara masu irin makinsa suka ƙare a baya, wato yana faɗar abin da ya saba faruwa ga taro, sannan ya liƙa shi a goshin mutum ɗaya. A Ingila, lokacin da annobar korona ta hana jarrabawar kammala sakandare a 2020, an yi amfani da lissafi mai dogaro da tarihin kowace makaranta, ya sauke darajar kusan 40 cikin kowane sakamako 100 da malamai suka bayar, kuma kwana huɗu bayan fitar sakamakon gwamnati ta janye shi. Abin tunawa ne cewa Alfred Binet, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya fitar da gwajinsa na auna basira a Faransa a 1905, ya yi shi ne don a gano yaran da suke buƙatar ƙarin taimako, kuma shi da kansa ya ƙi a ɗauki makin a matsayin ƙaddarar yaro.

Ta fuskar hidima, masu amsa koke suna da ladabi kuma ba sa jinkiri idan matsalar shiga shafi ce. Amma da na tambayi tsawon lokacin da suke ajiye bayanan yara, da ko makaranta za ta iya karɓar su gaba ɗaya idan ta daina hulɗa da su, amsar da na samu zagaye-zagaye ce, sau biyu.

Zan ci gaba da amfani da ita a shekara mai zuwa, amma shafi ɗaya nake buɗewa yanzu, wato wanda yake nuna amsar da kowane yaro ya zaɓa a kowace tambaya. Na roƙi shugaban makaranta a rufe jerin malamai da sashen hasashe, a kuma mayar da gwajin sau ɗaya a wata. Ya amince da na ƙarshen, sauran biyun kuma ya ce sai hukuma ta zauna.