Wata shida da manhajar sa ido kan ma'aikata

Ina kula da wani ƙaramin ofis mai ma'aikata 14, aikinmu amsa kiran abokan hulɗa da adana bayanansu. Wata rana ɗaya daga cikinmu ya buɗe imel na 'yan damfara ya danna mahaɗin da ke ciki, muka kwana biyu muna canza kalmomin sirri. Wannan ne ya sa na nemi manhajar sa ido, yau kuwa wata shida ke nan ina amfani da ita.

Sa ta bai ba ni wahala ba. Ana ɗora wata 'yar ƙaramar manhaja a kan kowace kwamfuta, ita kuma ta riƙa aika rahoto zuwa shafin da ni kaɗai nake buɗewa: shafukan da aka ziyarta, manhajojin da aka buɗe, da tsawon lokacin da aka ɗauka a kan kowanne. Tsofaffin kwamfutocinmu guda uku sun ɗan yi nauyi, sauran lafiya lau.

Ɓangaren waya ne ya fi gamsar da ni. A wayoyin Android tana amfani da tsarin da ke raba waya gida biyu, gefen aiki daban, gefen mai waya daban. Ina da iko da gefen aiki, amma hotunan mutum da saƙonninsa na kansa ba na ganinsu. Ranar da wayar wani ma'aikacinmu ta ɓace, cikin 'yan mintoci na goge imel da lambobin abokan hulɗa daga nesa, ban taɓa komai nasa ba. Haka ma toshe shafukan damfara, yana aiki yadda ya kamata.

Matsalar tana wajen hoton allo. Manhajar ta zo da shi a kunne, duk minti 10 sai ta ɗauki hoton abin da ke gaban ma'aikaci. Na san cewa idan shafi yana da kariyar HTTPS, mai sa ido ta hanyar sadarwa sunan shafin yake gani, ba ya ganin abin da ke ciki. Ban yi tunanin cewa hoton allo ya tsallake wannan kariyar gaba ɗaya ba. A mako na uku ina duba rahoto sai ga sakamakon gwajin asibiti na mahaifiyar wata ma'aikaciyarmu, ta buɗe shi lokacin hutun rana. Na rufe da sauri, amma na riga na karanta. Washegari da ta gaishe ni na kasa haɗa ido da ita. Maganar ba ta shafi aiki ba, ba ta kawo min ita ba, ga shi na sani.

Sai kuma makin ƙwazo. Idan aka yi minti 5 ba a taɓa madannai ko linzamin kwamfuta ba, manhajar tana rubuta cewa mutum zaman banza yake yi. Ma'aikacin da na fi dogara da shi, wanda zai yi rabin awa a waya yana lallashin abokin hulɗar da ya fusata har ya huce, shi ne ya zo na ƙarshe wata biyu a jere. Wanda ke yawo daga wannan shafi zuwa wancan kuwa yana sama. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na san waye ke riƙe da ofishin nan tun kafin a kawo manhaja. Abin da ya ba ni tsoro shi ne na fara kallon jadawalin ina shakkar abin da na sani. Kuma awon yana da sauƙin yaudara: ana sayar da 'yar na'urar da ke motsa linzami da kanta, har bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da 12 a 2024 bisa zargin kwaikwayon danna madannai.

Bayan maganar hoton nan na koma na karanta shari'ar Bogdan Barbulescu, injiniya ɗan Romaniya da aka kora a 2007 bayan an nuna masa shafi 45 na hirarsa ta Yahoo Messenger, har da wadda ya yi da ɗan'uwansa da budurwar da zai aura. A watan Satumba na 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne kotunan ƙasarsa ba su bincika ko an sanar da shi iyakar sa idon tun kafin a fara ba. Jihar New York ma tun 2022 ta wajabta sanar da ma'aikaci a rubuce. Ni abin da na ce wa mutanena kawai shi ne "za mu sa manhajar tsaro". Masu manhajar ba su ja hankalina kan wannan ba sai da layi ɗaya a cikin sharuɗɗan amfani, kuma ina ganin wannan babbar gazawa ce.

Na tara su na nuna musu duk abin da nake gani, na ba su haƙuri. Wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu ta ce, "Yallaɓai, kwamfutar ta ofis ce, ba mu ƙi a tsare ta ba. Da dai ka gaya mana inda idonka ya tsaya." Muka rubuta takarda shafi ɗaya, kowa ya sa hannu.

Na kashe hoton allo da makin ƙwazo, na taƙaita rahoto ga lokacin aiki kawai, don a da ko da dare ne idan aka kunna kwamfuta rubutawa take yi. Goge tsofaffin hotunan sai da na tura wa kamfanin saƙo, sun amsa cikin ladabi, amma an kwana huɗu kafin a gama. Zan sabunta rajista saboda tsaron waya da toshe shafuka. Na kuma roƙe su su ƙara maɓallin da ma'aikaci zai dakatar da sa ido da kansa lokacin hutu, har yanzu ina jiran amsa.