Batir na tafasa a tsohon CG125: a bar shi a bolt 6 ko a maida shi bolt 12?

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce Honda CG125 ɗin da ka gada wajen Baba, Allah ya jiƙansa, ruwan batirinsa na ƙafewa cikin mako biyu, kuma in ka haye gadar Kennedy ta nan Yamai da dare ka murɗa hannu, sai ƙwan gaba ya yi haske fau ya mutu, na baya ya bi shi. Wani mai gyara a Katako ya ce a sa regilate, wato abin da ke hana wuta yin yawa, a bar babur yadda yake, wani a Wadata ya ce a maida komai bolt 12 a huta. Wanne za ka bi?

Kafin ka bi ko ɗaya, ara mitar awon wuta ka auna. Batirin bolt 6 ɗaki uku gare shi, kowane ɗaki na riƙe bolt 2.1, don haka lafiyayye in ya kwana bai yi aiki ba zai nuna wajen 6.3. Tada babur, ɗora mita a kan kawunan batir, ka ba shi wuta a hankali. Tsakanin 6.9 da 7.3 caji ne mai kyau. In allura ta wuce 7.5 tana ta hawa tare da ƙarar inji, to wuta ta yi yawa. A nan ne ruwan ke rabewa ya zama iska, ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga farin gari a kan kawunan. Iskar nan tana kama wuta, kada mai sigari ya leƙa. Zafinmu kuma yana ƙara wa Borno dawaki: batir mai zafi yana fara tafasa tun wuta ba ta kai inda zai tafasa a ƙasar sanyi ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu Yamai na wuce digiri 40.

Abin da masu gyara da yawa ba sa gaya wa mutum shi ne, ƙananan babura na bolt 6 na wancan zamani da dama ba su zo da regilate ba sam. Ɗan wani abu ɗaya da ake kira diyod ne ke maida wutar bobin, wato naɗin wayar da ke haifar da wuta a cikin inji, ta zama wadda batir ke ci, ƙwan gaba kuma kai tsaye yake sha daga bobin. An lissafa ne cewa ƙwayayen fitila da batir za su shanye abin da bobin ya haifa, ba saura. To ka ga da ƙwan gaba ya mutu, kasonsa sai ya faɗa kan na baya, shi ya sa suke tafiya a jere kamar an yi musu kiranye. Haka in an sa ƙwan da bai kai ƙarfin na asali ba, ko irin ƴan LED ɗin nan da ba sa cin komai, rarar wutar ba ta da wurin zuwa sai batir.

Hanyar farko, ta mutumin Katako. Kuɗinta kaɗan ne, aikin yini guda. Za a sa regilate mai ƙafa huɗu na bolt 6, wanda ke haɗe da nasa diyod, aikinsa shi ne ya zubar da rarar wuta a jikin babur ta zama zafi. Ba a yanka komai na asali ba, oda da sigina na nan yadda Baba ya bar su. Amma akwai tarko biyu. Na ɗaya, regilate na bolt 6 da na bolt 12 kamarsu ɗaya a ido, na 12 kuma shi ya cika kasuwa tunda baburan Sin da ke yawo a gari dukansu da shi suke aiki. In aka ɗaura maka na 12, ba zai fara tare wuta ba sai ta haura 14, kafin nan batirinka ya dahu. Ni kaina an taɓa sayar mini da irin haka a cikin kwalin da aka rubuta 6, sai da na ƙone ƙwai uku kafin na dawo hayyacina na ɗauko mita. Na biyu, mas, wato haɗin da ke maida wuta ta jikin ƙarfen babur. Tunda ta jikin babur yake zubar da wuta, in wurin da aka ɗaure shi akwai tsatsa ko fenti, kamar babu shi ne. A wayoyin Honda, kore shi ne mas. A kankare ƙarfen sai ya yi ƙyalli, a ja wata waya mai kauri daga nan zuwa ƙafar batir ta mas, a kuma kafa regilate ɗin inda iska ke bugunsa, ba a cusa shi ƙarƙashin kujera cikin tsumma ba.

Raunin wannan hanya na gaskiya shi ne kayan bolt 6 suna ƙara wuyar samu. Ƙwai ya mutu maka a hanyar Kollo da magariba, ba kowane mai tebur ne zai fiddo maka da shi ba.

Hanya ta biyu, ta mutumin Wadata, ta fi yadda ya faɗa tsawo. Ba batir kaɗai ake canjawa ba. Sai an sake naɗa bobin ɗin fitila ko an sa wani, sannan regilate na 12, batir, duk ƙwayayen fitila har na cikin agogo, oda, da ɗan abin da ke sa sigina ƙiftawa. Ribarta kuwa ba a musunta. Ƙwai mai wat 25 a bolt 6 yana jan amfa 4 da ɗoriya (amfa shi ne awon yawan wutar da ke bi ta waya), a bolt 12 rabin haka yake ja, don haka tsofaffin wayoyi da makunnin da ƙurar hunturu ta cika ba sa shan wahala sosai. Rabin bolt da ya ɓace a mahaɗa mai datti babban rashi ne ga mai bolt 6, ga mai 12 da sauƙi. Honda ma da kanta daga baya ta maida CG125 bolt 12. Kayan gyara kuma ko'ina akwai, daga Yamai har Tawa. Awonsa: batir a kwance 12.6, caji tsakanin 13.8 da 14.5, abin da ya wuce 15 ciwo ne.

Sai dai canjin ba ya warkar da cutar da kansa. In mas ɗinka ruɓaɓɓe ne, da shi za ka ƙaura, batirin 12 ma ya tafasa. Kuma alherin aikin duka yana hannun wanda ya naɗa bobin. In ya yi ƙasa da lissafi, a ralanti, wato inji na tashe ba a murɗa hannu ba, fitila za ta zama kamar aci-bal-bal.

Da ni ne, ga yadda zan yi. Zan fara da batir, don wanda ya sha tafasa wata da watanni da wuya ya tashi, kuma in ɗaki ɗaya ya harɗe a ciki, mita za ta nuna wajen 4 da ɗan abu, sauran ɗakuna biyun su yi ta tafasa ko da caji daidai yake. Zan sayi mai murfi wanda ake ƙara wa ruwa, ba rufaffe ba, domin rufaffe in wuta ta yi masa yawa kumbura yake, ba dabara. Ruwan da za a ƙara tataccen ruwan batir ne, ba asid ba, ba na famfo ba. Sannan ƙwai masu wat irin na asali, mas mai tsabta, regilate na 6 da aka gwada da mita a gabana kafin in biya. Babur ɗin gado ne, kuma ka ce masallacin Juma'a da ziyarar ƴan'uwa kake zuwa da shi, wannan ya ishe ka; ka sayi ƙwai biyu ka ajiye a akwatin gefe. In kuwa niyyarka ka riƙa kwana kan hanya da shi kullum, zuwa Dosso da dawowa, nan ne zan ce ka tara kuɗin bolt 12, ka kuma roƙi mai naɗin ya ba ka tsohon bobin ɗin ka adana.

In ka auna, turo mini lamba uku: ta batir kafin a tada inji, ta ralanti, da ta lokacin da ka murɗa hannu fitila na kunne.